Ta'aziyyar Inna Hajo a Bayan Tsaunin Tuwaiƙ

A shekarata ta biyu a birnin Riyad, ina aikin jera kaya a rumbun ajiyar wani kamfanin gine-gine, labarin rasuwar Inna Hajo ya iso mini. Ranar Laraba ce. Inna Hajo matar Baba Ilu ce, aminin mahaifina a Kazaure, kuma a gidanta na ci tuwon dare tsawon shekarun da na yi a makarantar sakandare. Lokacin da na kammala digirina a fannin harshen Hausa, ita ce ta sayo mini yadi ruwan toka aka ɗinka mini kaftani. Da shi na karɓi takardar shaida, da shi kuma na sauka a ƙasar Saudiyya, inda takardar ba ta amfane ni da komai ba.

Baba Ilu ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru masu yawa. Yana aiki a wata gonar dabino yamma da birni, bayan tsaunin Tuwaiƙ, inda babu Bahaushe ko ɗaya sai shi. Da na kira shi, na ji muryarsa a bushe. Ya ce ya roƙi kafilinsa, wato ubangidan da izinin zamansa da na fitarsa ke hannunsa, ya bar shi ya je gida. An amsa masa cewa lokacin ɗaura wa dabino fure ne, ba a iya rasa hannu ko ɗaya.

"To, Muntari, haka Allah ya so," in ji shi, ya kashe wayar.

Ranar Juma'a ce sadakar uku. A Kazaure za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, jama'a su cika layi, a raba gumba, a yi addu'a. Shi kuwa mai gidan, wanda ya fi kowa rashi, zai wuni shi kaɗai a tsakanin bishiyoyi, babu wanda zai durƙusa a gabansa ya tambaye shi haƙuri da harshen da matarsa ta yi masa magana. Wannan shi ne abin da na ƙudura a raina ba zai faru ba.

Babu motar haya da ke zuwa gonakin. Wani mai ɗaukar fasinja da motarsa ya yi mini alkawari har da rantsuwa, ranar Alhamis da yamma kuma ya rufe wayarsa. Bayan sallar magariba, muna zaune a ɗakinmu na haya a unguwar Manfuha, mun kewaye farantin shinkafa, na faɗa wa abokan zamana cewa zan tafi duk da haka.

Sani Direba ne ya fara magana. Mutumin Maraɗi ne, direban wani gida a unguwar Nasim, kuma tun ranar da ya ji na yi jami'a bai sake kirana da sunana ba.

"Digiri, mi kake nuhi da za ka tahi? Da mi? Motar maigidana gobe tana wajen iyali."

"Da keke," na ce.

Ɗakin ya fashe da dariya. Sani har ya ajiye lomarsa.

"Keke! A Riyad! Kai jama'a, ku ji mutumin da ya yi karatu. Aika mishi saƙon murya kamar kowa mana. Ni ma na aika nawa, har da kuka a ciki."

"Saƙon murya ba ya zama a tabarma," na ce masa. "Ta'aziyya a wurinmu zuwa ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa, a zauna. Abin da ake yi ta waya sanarwa ce kawai cewa an ji."

"To Allah shi kai ka. In tirela ta bi ta kanka, mu dai saƙon murya za mu aika gidanku."

Keken na Tuwan ne, wani mai walda ɗan ƙasar Biyetnam da muke aiki a kamfani ɗaya, yana zaune a ginin da ke kusa da namu. Ba ma jin harshen juna, sai guntun Larabcin wurin aiki. Ya sha nuna mini hotunan yankinsu a wayarsa: tsaunuka kore shar, hazo kwance a kansu, gonakin kofi a gangare, da siririyar hanya mai lanƙwasa wadda ya ce yakan wuni a kanta da keke tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Da na ce masa mutuwa aka yi, kuma mai rashin yana bayan dutse shi kaɗai, bai sake tambayata komai ba. Ya sauko da keken daga bene, ya ƙara wa tayoyin iska, ya sa mai a sarƙa, ya ɗaure famfo da kayan faci a ƙarƙashin sirdi. Sannan ya haɗa tafukan hannayensa a ƙirji ya ɗan sunkuya, kamar yadda suke yi wa mamatansu.

Bayan sallar asuba na ji ƙarar injin markaɗe a kicin. Na leƙa, sai ga Sani da gero wanda ya jiƙa tun daren jiya, yana barzawa yana zuba sukari, yana dunƙulawa cikin roba mai murfi.

"Kada ka kalle ni," ya ce. "Ba don kai na yi ba, don tsohuwar na yi. Sadakar uku ba gumba ai ba sadaka ba ce." Ya ɗago kai ya ga abin da ke jikina, sai ya dafe ƙugu. "A cikin wanga kaftani za ka tuƙa keke? Da hula? Sa rigar aiki, in ka isa ka canza."

Shawara ce mai ma'ana, na sani. Amma kwana shida a kowane mako ina sanye da rigar kamfani mai lamba a gadon baya, kuma duk wanda ya gan ni a cikinta lebura yake gani, ba ya ganin kowa. Na ce wa Sani ba zan bi titin Riyad zuwa gaisuwar Inna Hajo da lamba a bayana ba. Wanda duk ya gan ni yau zai ga Bahaushe ne a kan hanyarsa ta zuwa gidan rasuwa. Ya girgiza kai, ya karɓi jakata ya ce shi zai shirya mini robar don kada ta kife.

Safiyar Juma'a ita ce kaɗai lokacin da Riyad ke yin shiru. Na fita daga lungunan Manfuha shaguna duk a rufe, in ban da masu gasa burodi da ke hura tanderunsu. Sanyin ƙarshen hunturu yana shiga ta hannun riga. Na tattare gindin kaftanin na danne shi a ƙarƙashina, na gangara kwarin Hanifa, na haura ɗaya gefen, na kama hanyar Dirab.

A nan na fahimci cewa ba a gina birnin nan don mai keke ba, kamar yadda ba a gina shi don mai ƙafa ba. Hanya ce mai faɗi da santsi, amma rabona a cikinta shi ne ɗan siririn gefen da ke cike da tsakuwa da fasassun kwalabe. Tankokin ruwa na wucewa, iskarsu na ture ni. Wasu samari a cikin farar mota suka rage gudu daidai inda nake, ɗaya ya leƙo yana ihu, "Ya sadik! Ya sadik!" Kalmar tana nufin aboki, amma da ita suke kiran duk baƙon da ba su damu da sanin sunansa ba. Ya jefo gwangwanin lemo, ya daki kafaɗata. Ban waiwaya ba. Na gyara zaman hulata, na ci gaba da taka feda.

Da hantsi na iso shingen 'yan sanda. Duk baƙo a ƙasar nan ya san faɗuwar gaban da ke zuwa a irin wannan wuri, ko da takardunsa cikakku ne. Wani matashin ɗan sanda ya ɗaga mini hannu, ya dube ni tun daga hula har feda.

"Iƙama," ya ce.

Na miƙa masa katin zamana. Ya karanta, ya ga sana'ar da aka rubuta mini, ya sake duban kaftanin, ya tambayi inda zan je da keke a wannan jeji, ko guduwa nake yi daga kafilina. Na tattaro Larabcin da na koya a Islamiyya na ce masa gaisuwar mutuwa zan je. Ya buɗe jakar, ya buɗe robar, ya sansana gumbar. Na ce masa sadaka ce ta mamaciya. Ya mayar da murfin a hankali, ya danna gefunansa har suka kama. Sannan ya yi mini addu'ar da suke yi wa masu rashi, cewa Allah ya girmama ladanmu, ya shiga motarsu ya ɗauko gorar ruwa mai sanyi ya sa mini a jaka da hannunsa. Ban manta da fuskarsa ba.

Daga nan hanyar ta fara hawa. Ba hawa ba ne mai tsayin da ido ke gani. Cinya ce ke ganinsa. Gidaje suka ƙare, katangun gonaki suka ƙare, sai fili mai launin ƙasa da duwatsu har iyakar gani. Rana ta ɗaga, zufa ta jiƙe bayan kaftanin, sirdin ya zame mini kamar bakin gatari. Na yi sallar Juma'a a wani ƙaramin masallaci kusa da gidan mai, a sahu ɗaya da makiyayan raƙuma da direbobin manyan motoci. Da aka sallame, kowa ya juya ga nasa yana magana da harshensa, ni kuwa na zauna na jingina da bango ina murza cinyoyina. Na tuna yadda a irin wannan lokaci Inna Hajo ke ajiye mini kwanon fura a bayan randa, ta ce kada in bari sauran yara su gani, alhali kowane yaro a gidan an ajiye masa nasa a wani wurin.

Wayata ta yi ƙara. Sani ne.

"Digiri, ka mutu ko da saura?"

"Ina nan da raina."

"Ka juyo hakanan. Ka yi niyya, Allah ya gani. Wa zai zarge ka?"

"Ba gudun zargi ya fito da ni ba," na ce, na kashe wayar. Gaskiyar magana, da ya ƙara minti ɗaya yana lallashi, ban san abin da zan amsa ba.

Ban yi nisa da masallacin ba ƙasa ta ƙare. Haka abin yake, ba ƙari: filin da nake bi tun safe ya yanke a gabana, kamar an sa wuƙa an datse shi. Dama da hagu katangar dutse ce ja-ja mai tsayin gaske, ta miƙe har inda ido ya gaza. A can ƙasa wani fili ne daban, da jan yashi a nesa, da ɗigo-ɗigon kore inda gonakin dabino suke. Na tsaya na riƙe keken. Tsaunukan Tuwan suna da hazo da ganye. Nawa ko ciyawa ɗaya babu. Amma na gane abin da ke sa mutum ya wuni a kan sirdi don ya tsaya a irin wannan wuri.

Hanyar ta gangara ta cikin tsagin da aka fasa a dutsen. Na saki feda, keken ya ɗauki gudu, iska ta shiga kaftanin ta kumbura shi. Bayan wahalar rabin yini, daɗin ya ɗauke mini hankali, ban lura gindin rigar ya zame daga ƙarƙashina ba. Sai kawai na ji an fizge ni ta baya. Sarƙa ta cafke yadin, ta naɗe shi, tayar baya ta ƙame. Keken ya yi gefe guda, ni ma na yi gefe guda, na daki tsakuwa da gwiwa da tafin hannu, na mirgina har jikin ƙarfen gefen hanya. Wata babbar mota ta wuce tana danna oda kamar na yi mata laifi.

Abin da na fara dubawa shi ne robar. Murfin da ɗan sandan ya danna bai buɗe ba. Dunƙulen gumbar sun haɗe sun zama curi ɗaya, amma ƙasa ba ta taɓa su ba. Hulata na can tsakiyar kwalta, na rarrafa na ɗauko ta. Kaftanin kuwa ya yage daga gindi har kusa da ƙugu, baƙin mai ya ɓata gefensa, wani yanki ya rage a cikin haƙoran sarƙa. Na zauna ina zare shi zare-zare da mabuɗin ɗakinmu, jini na bin ƙaurina.

Da na zura hannu cikin jaka neman abin goge jinin, sai na taɓo wani tufafi a ƙasa, an ninke shi da kyau. Rigar kamfani ce. Sani ne ya cusa ta lokacin da ya ce zai shirya mini roba. Na ɗaga ta na dubi lambar da ke bayanta, sannan na dubi kaftanina yagagge. Na yayyage hannun rigar na ɗaure gwiwata da shi, na goge man sarƙa da sauran. Kaftanin kuma na ƙulle gefunansa biyu a ƙugu, na hau keken, na ƙarasa gangaren ina matsa birki ina saki.

Bayan la'asar na sami gonar, bayan na tambayi hanya a ƙofofi da yawa. Maigadin, wani dattijo ɗan Sudan, ya dube ni da mamaki, da na ambaci Iliyasu, cikakken sunan Baba Ilu, sai ya nuna mini cikin bishiyoyi da sandarsa. Na jingine keken, na kwance ƙullin kaftanin, na kakkaɓe shi iyakar iyawata, na shiga.

A saman bishiya na same shi. Ranar sadakar ukun matarsa, ga Baba Ilu can sama da igiya a ƙugu, da damin furen namijin dabino a rataye a kafaɗa, yana tsinka yana cusawa cikin na mace yana ɗaurewa. Na yi sallama da ƙarfi. Hannunsa ya tsaya cak. Ya leƙo ƙasa ya daɗe yana kallona, sannan ya sauko a hankali, taki bayan taki.

Na tuɓe takalmana a kan ƙasar gona. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, na tilasta mata, na durƙusa.

"Baba, ashe haka Allah ya yi ikonsa. Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya sa ta huta. Yaya haƙuri?"

Ya dube ni.

"Da godiya," ya ce. "Da godiya, Muntari." Ya nisa. "Wayata cike take da saƙonni. Ina ji, ina ji, amma ba wanda zan amsa wa. Da wa ka zo?"

"Ni kaɗai ne. Da keke."

Ya kwance igiyar ƙugunsa ya ajiye, ya shiga ɗan ɗakinsa na kwano, ya fito da tabarmar roba ya shimfiɗa a ƙofar, ya zauna a tsakiyarta ya miƙe ƙafafu, kamar yadda mai rashi ke zama a ƙofar gidansa. Na zauna a gefensa na buɗe robar.

Ba a jima ba wakilin gonar ya iso, wani mai tumbi da waya a hannu. Ya dubi bishiyar da aka bari, ya dubi tabarmar, ya ɗaga murya.

"Iliyas! Shugul!" Wato aiki.

Mutanen da suka san Baba Ilu a ƙasar nan sun shaida bai taɓa mayar wa ubangida magana ba. Na ga hannunsa ya dafa tabarma kamar zai tashi, don jiki ya saba. Sannan ya janye hannun ya ɗora a cinyarsa.

"Yau babu shugul," ya ce da Larabcinsa na gona. "Yau ina da baƙo. Yau ina zaman makoki."

Wakilin ya ce zai kira kafili, ya ce furen ba ya jira, ya tambayi wanda ya ba ni izinin shiga. Na gutsuro gumba na miƙe tsaye da ƙyar na miƙa masa da hannu biyu, na ce sadakar mamaciya ce. Ya dubi hannuna mai jini da baƙin mai, bai karɓa ba. Ni ma ban janye ba.

Maigadin ne ya raba gardamar. Ya taho da sandarsa, ya wuce ta gaban wakilin kamar bai gan shi ba, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga tafukansa a gaban Baba Ilu ya karanta Fatiha, kamar yadda suke yi a ƙasarsu. Ya karɓi gumbar daga hannuna ya zauna. Sai ga ma'aikata biyu 'yan Bangaladash sun sauko daga nasu bishiyoyin, sai ga wani daga wajen injin ban ruwa. Ashe wasunsu ba su ma san an yi masa rasuwa ba. Tabarmar ta cika, na ƙarshe ya zauna a kan buhu. Suna cin gumbar suna yamutsa fuska don ba su saba da ita ba, amma babu wanda ya ajiye. Wakilin ya tsaya shi kaɗai, sannan ya juya ya tafi yana magana a waya. Abin da ya faɗa wa kafili ban sani ba, Baba Ilu kuma bai tambaya ba.

Bayan an shafa addu'a, idonsa ya sauka kan kaftanina. Ya kamo yagaggen gefen, ya murza yadin tsakanin yatsunsa.

"Wannan ai yadin Hajo ne."

"Shi ne, Baba."

"Ina gida hutu lokacin. Na ce mata ta sayo fari, mai digiri fari ya kamace shi. Ta ce a'a, yaron nan taurin kai gare shi, fari ba zai kwana biyu a jikinsa ba."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya rufe fuskarsa da gefen rigata ya yi kukan da ya riƙe tun ranar Laraba. Babu wanda ya hana shi. Muka zauna tare da shi har aka kira magariba.

A ɗakinsa na kwana. Washegari na tura keken da ƙafa na haura tsagin dutsen, na isa Riyad bayan an tashi daga aiki, da na koma aiki kuma na sha faɗan shugabana a tsaye ban ba shi haƙuri ba. Tuwan ya dubi keken, ya dubi gwiwata, ya ɗaga mini babban yatsa. Sani ya karɓi robarsa, ya leƙa ya ga babu ko ɓurɓushi, ya tambaya ko sukarin ya ji, sannan ya tambayi inda rigar kamfani take. Na nuna masa gwiwata.

Daga baya na kai kaftanin wurin wani tela a unguwar Dira don ya wanke man ya kama gindin kada ya ci gaba da zarewa. Ya duba yagewar ya ce zai iya ɗinke ta yadda ba wanda zai gane. Na ce masa ya kama gindin kawai, ya bar sauran. Ina so a gane.